Idan Tukunyar Nukiliya Ta Narke: A Binne, A Kwashe Ko A Jira, Kuma Wa Zai Biya?

Ranar da ake rattaba hannu kan kwangilar tashar lantarki ta nukiliya, yawan megawat ɗin da za a samu ake faɗa wa 'yan jarida. Tambayoyi biyu ne ba a son kowa ya tayar a wurin: idan tukunyar, wato zuciyar tashar inda makamashin nukiliya yake, ta narke, yaya za a yi da kangon, kuma aljihun wa za a taɓa? Wanda shawara ta rataya a wuyansa, ɗan majalisa ne da daftarin doka a gabansa, ko jami'in da ke duba sharuɗɗan kwangila, ko ɗan jaridar da zai yi wa jama'a bayani, ba shi da damar tsallake su. Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, har an ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom cikin wuraren da ake dubawa. Ghana ma ta yi nisa da nata shirin. Sai dai amsar tana can inda abin ya riga ya auku: Windscale a Birtaniya a 1957, Three Mile Island a Amurka a 1979, Cernobil a Tarayyar Sobiyet a 1986, da Fukushima a Japan a 2011.

Kashe tukunyar nukiliya ba ya sa ta huce nan take. Sandunan yuraniyom ɗin da ke cikinta suna ci gaba da fitar da zafi, kuma idan ruwan sanyaya ya yanke, sai su narke su cakuɗe da ƙarfe da kankare su zama dunƙule. Wannan dunƙulen shi ne matsalar. Sinadarin siziyom da ke cikinsa sai ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Wani nau'in fulutoniyom kuwa shekara 24,000 yake bukata.

## Abin da za a auna

Abubuwa biyar. Kuɗi, ba na ginin farko kaɗai ba, har da abin da za a riƙa kashewa duk shekara bayan hankalin duniya ya koma wani wuri. Ƙarko, wato shekara nawa aikin zai riƙe kafin a sake shi. Sauƙin aiki: akwai kayan aikin da gwanayen a yau, ko sai an ƙirƙiro su? Haɗari ga ma'aikata da maƙwabta da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na biyar shi ne wanda injiniyoyi kan bari a ƙarshe, mutanen gari kuma su fara da shi: za a koma gida ko ba za a koma ba?

## Binnewa: hanyar Cernobil

Ranar 26 ga Afrilun 1986 tukunya ta huɗu ta tashar Cernobil ta tarwatse. Irin ƙirar da Sobiyet ta yi mata ba ta da kubbar kankare mai kauri da ke lulluɓe tukunyoyin wasu ƙasashe, saboda haka murfin ya tashi, cikin ya fito fili, ta yi kusan kwana goma tana aman burbushi sama. A irin wannan hali ba a zaman shawara. Rufewa ce kawai.

Cikin kwana 206 aka gina mata kabari na kankare da ƙarfe: kankare kimanin kyubik mita 400,000, ƙarfe sama da tan 7,000. Saurin ya yiwu ne da jikin mutane. Mutum-mutumin da aka ɗora kan rufin ginin da ke maƙwabtaka don share tarkace, tururin nukiliya, wato haskokin nan masu cutarwa da ido ba ya gani, ya kashe musu na'urori. Sai aka kawo sojoji, aka ɗaura musu fallen dalma a ƙirji, kowa ya fita da shebur a guje, ya ɗebi tarkace sau biyu ko uku ya watsa cikin ramin, ya juyo. Wasu ko minti ɗaya ba a bari sun cika a waje ba. Jimillar waɗanda aka yi wa rajistar aikin share yankin ta kai wajen mutum 600,000.

Kabarin ya tare abin da aka gina shi ya tare, amma ba ginin kirki ba ne. Da ƙugiya aka sauke manyan ginshiƙan daga nesa, aka ɗora su kan bangon da fashewar ta riga ta girgiza, ba walda ba ɗauri. Ruwan sama yana shiga, tsuntsaye suna shiga. Shekara 20 zuwa 30 aka ƙiyasta masa.

Daga nan maganar gina katafariyar rumfar ƙarfe da za ta lulluɓe kabarin ta taso. An harhaɗa ta ne can gefe, sama da mita 300 daga kangon, don tururin da ke saman kabarin ya fi ƙarfin a yi aiki a wurin. A Nuwamban 2016 aka turo ta kan layukan da aka shimfiɗa har ta hau kansa. Faɗinta mita 257, tsayinta sama mita 108, nauyinta tan 36,000. Rumfar kaɗai ta ci yuro biliyan 1.5, shirin gaba ɗaya kuma sama da yuro biliyan 2. A cikinta akwai ƙugiyoyi biyu masu ɗaukar tan 50 kowanne, don a warware tsohon kabarin a hankali. Shekara 100 aka ce za ta yi.

Ga inda ake yawan kuskuren fahimta. Rumfar ba rufi ba ce da za a kafa a tafi. Fata biyu gare ta, kuma a tsakaninsu ana hura busasshiyar iska dare da rana don kada ƙarfen ya yi tsatsa, tunda ba mai iya hawa ya sake mata fenti. Ke nan tana bukatar wuta, tana bukatar ma'aikata, tana bukatar zaman lafiya na shekara ɗari. Ba ta samu ba. Sojojin Rasha sun mamaye wurin a Fabrairu da Maris na 2022. Ranar 14 ga Fabrairun 2025 jirgi maras matuƙi ya faɗa mata ya huda ta. Yukren ta ce Rasha ce, Rasha ta musanta. Ramin kansa bai kai ɓarnar da ta biyo baya ba: wuta ta shige tsakanin fatun biyu tana ci a ɓoye har kusan mako uku, dole 'yan kwana-kwana suka yanka ɗaruruwan ƙofofi a jikin rufin don su zuba ruwa. Tururin da ake aunawa a waje bai ƙaru ba, amma a Disambar 2025 hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta bayyana cewa rumfar ta rasa babban aikinta na killacewa.

A kan ma'auni: ita ce mafi sauri, kuma kuɗin gininta bai taka kara ya karya ba idan an kwatanta da Fukushima. Ƙarkonta na aro ne, don narkakken makamashi kusan tan 200 yana nan a ƙasa. Maganar komawa gida kuwa babu ita. Mutum 49,000 na garin Pripyat ba su koma ba, kuma yankin kilomita 30 da aka killace yana nan a killace.

## Kwashewa: ta yi a Amurka, tana jan ƙafa a Japan

Masu goyon bayan kwashewa Three Mile Island suke nunawa, kuma suna da hujja. Ranar 28 ga Maris 1979 kusan rabin cikin tukunya ta biyu ya narke, wata uku kacal bayan ta fara sayar da wuta. Amma tukunyar ƙarfen ba ta huje ba, kubbar kankaren ma ta riƙe. Wannan ne ya sa komai ya yiwu. Aka cika tukunyar da ruwa, don ruwa yana tare tururi, ma'aikata suka tsaya kan dandamali a sama da dogayen sanduna masu maɗauki a baki, suna tsinto tarkacen suna zubawa cikin gwangwanayen ƙarfe. Har wani lokaci ƙananan halittu suka hayayyafa a ruwan suka gurɓata shi, kyamara ta daina ganin komai, sai da aka kashe su aiki ya ci gaba. Daga 1985 zuwa 1990 aka kwashe kusan kashi 99 cikin 100, wajen tan 100, aka kai jihar Idaho a jirgin ƙasa. An rufe aikin a Disambar 1993 bayan an kashe kusan dala biliyan 1. Mutanen yankin suna gidajensu. Tagwaiyar tukunyar da ke kusa da ita ta koma ba da wuta a 1985, ta ci gaba har 2019.

Japan ta ɗauki wannan hanya, amma abin da ta tarar daban ne. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, tukunya uku suka narke a Fukushima Daiichi, ba ɗaya ba. Makamashin ya huda gindin tukunyoyin ya zubo ƙasa. Ginin kariyar ya tsage, don haka ba a iya cika shi da ruwa yadda aka yi a Amurka. An ƙiyasta tarkacen ya kai tan 880.

Dubi yadda aka ɗebo samfuri na farko. A watan Agustan 2024 an shirya tura wani dogon hannu na ƙarfe ta wata ƙaramar kafa zuwa ƙarƙashin tukunya ta biyu. Da safiyar ranar aka gano an jera bututun turawa guda biyar ba bisa tsari ba, aka dakata. Da aka koma a Satumba, kyamarorin da ke bakin hannun suka ɗauke. Sai a Nuwamba aka fito da ɗan tsakuwa da bai kai girman ƙwayar wake ba, nauyinsa giram 0.7. Shekara 13 ke nan bayan hatsarin. A Yulin 2025 kamfanin TEPCO, mai tashar, ya ce babban aikin kwashewa a tukunya ta uku ba zai fara ba sai 2037 ko bayan haka, alhali jadawalin gwamnati na cewa za a gama komai kafin 2051. Ni dai ban ga yadda lissafin nan biyu za su zauna inuwa ɗaya ba.

Kafin a kai ga tarkacen ma, ruwa ya cinye shekaru. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana gangarowa daga tudu ya shiga ginin ya gurɓace. Aka dasa bututu wajen 1,500 a ƙasa, zurfin mita 30, ana zagaya ruwan sanyi a ciki don ƙasar ta daskare ta zama katanga mai tsawon kilomita 1.5. Wannan kaɗai yen biliyan 34.5 ya ci daga baitulmali. Ruwan da ke gurɓata a rana ya sauko daga sama da tan 500 a 2014 zuwa ƙasa da 100, amma tankuna sama da 1,000 sun cika. Ranar 24 ga Agustan 2023 aka fara sakin ruwan da aka tace cikin teku, nan take Sin ta hana shigo da kifin Japan.

Me ya sa ba za su binne kawai ba? A Yulin 2016 hukumar da ke tsara aikin ta ambaci yiwuwar hakan a wani rahoto. Gwamnan Fukushima, Masao Uchibori, ya tayar da ƙayar baya, cikin 'yan kwanaki aka goge maganar. Ga mutanen da aka kora daga gidajensu, waɗanda yawansu ya taɓa haura 160,000, binnewa na nufin an sallama garuruwansu. Kwashewa ta fi kowace hanya tsada, ta fi wahala, tana kuma jefa ma'aikata cikin tururi shekara da shekaru. Ita kaɗai ce kuma ke ɗauke da alkawarin cewa wata rana wurin zai koma hannun masu shi. Ko a nan akwai saura: ƙasar da aka kankare daga gonaki da filayen makaranta, wajen kyubik mita miliyan 14, tana jibge a garuruwan Okuma da Futaba, doka ta ce a fitar da ita daga lardin kafin 2045.

## Liƙewa a jira: hanyar Windscale

Wannan ba ta da dogon labari, don ba a yi abu mai yawa ba, kuma dabarar ke nan. A Oktoban 1957 tukunyar da Birtaniya ke samar da fulutoniyom na bam ta kama wuta. Aka kashe wutar, aka zubar da madarar shanun yankin na kusan wata guda, aka cire sandunan da za su ciru, aka liƙe sauran, wajen tan 15, a cikin ginin. Suna nan har yau.

Amfanin jira a fili yake: tururi yana raguwa da kansa, kayan aiki suna inganta, kuɗin farko kaɗan ne. Illarsa a hankali take zuwa. Gini yana tsufa, waɗanda suka san lungunansa suna mutuwa, takardu suna ɓacewa. An daɗe ana jinkirta taɓa tukunyar saboda tsoron kada motsa tarkacen ya sake tayar da wuta. Kuma wurin bai taɓa zama ba mai gadi ba. Harabar Sellafield da tukunyar ke ciki, wadda ta ƙunshi wasu tsofaffin gine-gine da ma'ajiyar shara masu yawa, ofishin binciken kuɗi na Birtaniya ya ƙiyasta a 2024 cewa share ta zai ci fam biliyan 136, aikin kuma zai kai 2125.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari | Komawa gida |
|---|---|---|---|---|---|
| Binnewa | Sama da yuro biliyan 2 a rumfa ta biyu | Shekara 30, sannan 100 a takarda | Da sauri, da ran ma'aikata | Yaƙi, tsatsa, rushewa | Babu |
| Kwashewa, tukunya ba ta huje ba | Kusan dala biliyan 1 | Mai ɗorewa | Shekara 14, an san yadda ake yi | Tururi ga ma'aikata | An koma |
| Kwashewa, tukunya ta huje | Yen tiriliyan 8 a ƙiyasin gwamnati | Mai ɗorewa idan an gama | Sai an ƙirƙiro kayan aiki | Gurɓataccen ruwa, jinkiri | Sannu a hankali |
| Liƙewa a jira | Kaɗan da farko, ba ya yankewa | Gwargwadon lafiyar ginin | Mafi sauƙi | Tsufan gini, mantuwa | Idan ɓarnar waje kaɗan ce |

## To, wa zai biya?

A nan ma'aunin ya sauya. Nawa ne ke ajiye a ranar farko? Da wane sauri zai isa hannun wanda aka kora daga gonarsa? Idan ya ƙare, wa ke cikawa? Idan iska ta kai burbushin ƙasar maƙwabta, su wa za su kama?

Kusan duk dokokin duniya sun haɗu a kan abu uku. Alhaki yana kan mai gudanar da tashar shi kaɗai, ba kan wanda ya ƙera ta ko ya sayar da famfo ba. Wanda aka cuta ba sai ya tabbatar da sakaci ba, ya isa ya nuna ɓarnar daga tashar ta fito. Sannan kotun ƙasar da hatsarin ya faru ce ke sauraron ƙara. Inda suka rabu shi ne adadi.

Riƙe wannan lamba kafin mu ci gaba. Gwamnatin Japan ta ƙiyasta kuɗin Fukushima, diyya da sharar ƙasa da rushe tashar, kan yen tiriliyan 11 a 2013, ta mai da shi 21.5 a 2016, sannan 23.4 a ƙarshen 2023. Wajen dala biliyan 160 ke nan. Kasafin kuɗin tarayyar Najeriya na 2025, naira tiriliyan 54.99, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba.

Tsarin Amurka. Dokar Price-Anderson ta 1957, wadda aka sabunta a 2024 zuwa 2065, hawa biyu gare ta. Kowace tasha tana sayen inshora ta dala miliyan 500. Idan ɓarna ta wuce haka, kowace tukunya a faɗin ƙasar, ko tana nesa da inda abin ya faru, za ta ba da har kimanin dala miliyan 158, kashi-kashi cikin shekaru. Jimilla wajen dala biliyan 16. Abin da ya haura, majalisa ce za ta zauna ta ga yadda za a yi. Tsarin yana da sauri: a Three Mile Island cikin 'yan kwanaki aka buɗe ofis ana biyan iyalan da suka bar gida, duka diyya da kuɗin shari'a suka tsaya kan dala miliyan 71. Yana kuma sa kamfanoni su sa wa juna ido, tunda sakacin ɗaya zai taɓa aljihun kowa. Amma adashi ne, kuma adashi da yawan masu zubi yake kauri. Amurka tana da tukunya sama da 90. Ƙasa mai biyu ba ta da abin zubawa. Ko a Amurkar, dala biliyan 16 kashi ɗaya ne cikin goma na Fukushima.

Tsarin Turai. Yarjejeniyar Faris ta 1960 da ƙarinta na Brussels, bayan gyaran da ya fara aiki a Janairun 2022, sun tanadi yuro biliyan 1.5: miliyan 700 daga mai tasha, 500 daga gwamnatin ƙasar, 300 karo-karo daga ƙasashen yarjejeniyar. Ƙarfinta yana wajen ƙetare iyaka, kuma ta ba wanda ya kamu da ciwo shekara 30 ya shigar da ƙara, abin da ke da muhimmanci tunda cutar daji ba ta bayyana da wuri. Adadin dai kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na Fukushima. Jamus ba ta yarda da iyaka ba, ta ɗora wa kamfanoninta alhaki maras iyaka tare da jinginar yuro biliyan 2.5.

Tsarin Japan. A takarda shi ne mafi tsauri: dokar 1961 ba ta sa wa alhakin kamfani iyaka ba. Amma inshorar da ta tilasta yen biliyan 120 ce a kowace tasha, kusan kashi ɗaya cikin 200 na abin da aka bukata. Alhaki maras iyaka a kan kamfani mai iyakar dukiya, ƙarshensa fatara, kuma idan TEPCO ya durƙushe ba mai biyan diyya, ba mai kula da kangon, ba mai ba Tokyo wuta. Sai gwamnati ta kafa hukuma a 2011, ta zuba yen tiriliyan 1 a 2012 ta karɓi rinjayen ƙuri'a a kamfanin, tana ba shi kuɗin diyya da sharaɗin shi da sauran kamfanonin nukiliya su riƙa mayarwa a hankali. Daga 2020 wani kaso ya shiga kuɗin wutar da kowane gida ke biya. An biya diyya sama da yen tiriliyan 11, har da yen 100,000 duk wata ga kowane mai gudun hijira saboda ƙuncin rai. Ba a taɓa biyan irin wannan ba a tarihin nukiliya. Farkon abin dai ya ba mutane haushi: fom mai shafi 60 aka aika wa tsofaffin manoma, da littafin bayani mai shafi sama da 150. Su shugabannin kamfanin fa? A 2022 wata kotun Tokyo ta umarci huɗu daga cikinsu su biya yen tiriliyan 13.3, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2025.

Rashin tsari. Wannan ma hanya ce, ita Sobiyet ta bi. Ba ta cikin kowace yarjejeniya, ba ta biya kowace ƙasa ko sisi ba. Birtaniya ta ɗauki nauyin makiyayanta, waɗanda takunkumin sayar da tumakinsu bai ɗage gaba ɗaya ba sai 2012. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, nauyin ya faɗo kan ƙasashen da ba su suka tsara tukunyar ba. Belarus ta kashe sama da kashi 22 cikin 100 na kasafinta a kan Cernobil a shekarar. Yukren ta daɗe tana kashe kashi 5 zuwa 7. Rumfar kuwa da roƙo aka gina ta: asusun da bankin raya ƙasashen Turai, EBRD, ya riƙe tun 1997, ƙasashe sama da 40 suka zuba. Da yawansu sun zuba ne don iskar Cernobil ta taɓa isa gonakinsu. Kada wata ƙasa mai nisa da Turai ta ɗauka za a yi mata haka.

Indiya ta gwada wata dabara da ta cancanci a ambata. Da tabon bala'in iskar gas na Bhopal na 1984 a zuciya, dokarta ta 2010 ta ba mai tasha damar ya bi wanda ya sayar masa da kaya maras kyau. Adalci ne a ido, amma kamfanonin Amurka da Faransa suka noƙe sama da shekara goma, har a Disambar 2025 majalisar ƙasar ta yi sabuwar doka ta sassauta.

Saura yarjejeniyoyin da ke buɗe ga kowa. Ta Vienna ta 1963, wadda Najeriya ta shiga a 2007, mafi ƙarancin abin da ta gindaya dala miliyan 5 ne a darajar zinariyar wancan lokaci. Yarjejeniyar ƙarin diyya ta 1997, da ta fara aiki a 2015, ta ɗaga shi zuwa wajen dala miliyan 400, ta ƙara da asusun karo-karo na ƙasashe. Amurka da Japan da Indiya da Kanada suna ciki, Ghana ta shiga a 2016. Akwai kuma wani sashe da ke cikin dukkansu wanda ba a cika karantawa ba: mai tasha ba shi da alhaki idan ɓarnar ta fito daga yaƙi, yaƙin basasa ko tawaye.

| Tsari | Abin da ke ajiye | Idan ya ƙare | Maƙwabta |
|---|---|---|---|
| Amurka | Wajen dala biliyan 16 | Majalisa | Ta yarjejeniyar 1997 |
| Faris da Brussels | Yuro biliyan 1.5 | Dokar kowace ƙasa | Ƙasashen yarjejeniyar |
| Japan | Yen biliyan 120 | Bashin gwamnati, kuɗin wuta | Ta yarjejeniyar 1997 |
| Babu doka | Babu | Baitulmali da roƙo | Kowa tasa ta fisshe shi |

## Wacce ta dace da wa

A wajen killacewa, rabin zaɓin ba a ranar hatsari ake yin sa ba. Tun ran gini ran zane. Idan kana duba kwangilar sabuwar tasha, nemi kubba mai fata biyu da kaskon da ke tare narkakken makamashi a ƙarƙashin tukunya, irin wanda ƙirar VVER-1200 ta Rasha da EPR ta Faransa ke da shi. Shi ne zai bar maka damar kwashewa irin ta Amurka maimakon irin ta Japan. Ƙasa mai cunkoso, wadda ba ta da filin da za ta sallama, kuma tana da masana'antun da za su ƙera kayan aiki, kwashewa ce tata ko da za ta ci shekara hamsin. Inda tukunya ta fashe fili, binnewa dole ce, sai dai a rubuta tun farko wa zai biya rufi na biyu. Jira ya dace da ɓarna kaɗan, a gini mai lafiya, ƙarƙashin hukumar da kake da yaƙinin za ta ci gaba da biyan masu gadi bayan gwamnati goma sun shuɗe.

A wajen biya, ƙasa mai tukunyoyi da yawa ta ɗauki tsarin Amurka. Ƙasashe masu arziki da ke manne da juna, na Faris. Tsarin Japan na mai iya cin bashin tiriliyoyi ne a kuɗin ƙasarsa ba tare da kasuwa ta girgiza ba, kuma irinsu ba su da yawa.

Mai shigowa sabo da tukunya ɗaya ko biyu, da bashin ƙasar da ta ƙera masa, ba ɗaya cikin ukun da zai yi masa daidai. Abin da ya rage masa shi ne ya haɗa: ya shiga yarjejeniyar 1997 don asusun ƙasashe da kuma maƙwabta, ya sa dokar gida ta faɗi ƙarara wane ne mai gudanarwa, ya ware wani abu daga kowane kilowat zuwa asusun da ma'aikatar kuɗi ba ta da ikon taɓawa. Idan tsarin irin na Akkuyu a Turkiyya ne, inda Rosatom ya gina kuma shi ke mallaka, a tabbatar uwar kamfanin ko gwamnatinta ta tsaya wa reshen da aka yi wa rajista a cikin gida, don reshe ba shi da dukiyar da ta wuce tashar da ta lalace. Idan kuma irin na El Dabaa a Masar ne, inda bashin dala biliyan 25 ya fito daga Rasha amma hukumar ƙasar ce za ta gudanar, to alhakin na gida ne, a kuma tambayi ko biyan bashin zai tsaya idan tashar ta tsaya. Sashen nan na yaƙi da tawaye, ƙasar da ke fama da masu ɗauke da makamai ta cike shi da dokarta.

Wanda bukatarsa bincike ne da horar da ɗalibai da gwajin ma'adinai, duk wannan lissafi ya fi ƙarfin abin da ke gabansa. Ƙaramar tukunyar da ke cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, kuma a 2018 an sauya mata makamashi zuwa yuraniyom maras ƙarfi aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin. Irin wannan, inshora madaidaiciya da hukumar sa ido mai cin gashin kanta sun wadatar.